Gahawa a Gindin Kwakwa

"Mami, don Allah, kallonmu fa ake yi!" Na fizge kofin daga hannunta.

Ta sake tsiyaye gahawarta a gindin kwakwar da ke gefen wurin ninkayar otal. Kullum safiya haka take yi. Turawa na dariya, mai shara na gunaguni.

Daga New York na dawo takanas don in kai ta hutu. Ta ƙi duk otal ɗin da na nuna mata, ta kafe sai wannan na Samaná, yankinmu na asali a ƙasar Dominika. Ga shi ko ƙafa ba ta tsoma a teku ba.

"Yudelka, rage murya. Babanki ba ya son hayaniya kafin ya sha gahawa."

"Tun ina goye Papi ya rasu, Mami. Rikicin tsufa ne ya fara?"

Ta shafa munduwar robar da otal ke ɗaura wa baƙinsa.

"Nan ce maƙabartar ƙauyenmu kafin su tashe mu, su ja katanga. Sau nawa masu gadi suka kore ni don ba ni da wannan abin?" Ta karɓe kofinta. "Ke kika zo hutu, 'yata. Ni wurin mijina na zo."