Bakin Da Ta Koyi Aiki A Kansa

Shekara uku ke nan Ilinca tana koyon aikin haƙori a bakin Dorin. A makarantarsu kowane ɗalibi shi ke nemo wanda zai gwada hannu a kansa, shi kuwa Dorin, saurayinta, direban bas a birnin Cluj, bai taɓa ce mata a'a ba. Ta cike masa haƙora huɗu, ta cire ɗaya da bai taɓa yi masa ciwo ba.

Ranar gwajinta na ƙarshe ya kwanta a kujera, zoben neman aurenta a aljihunsa. Sai da ta yi masa allura, ta cusa auduga, leɓensa ya mutu, sannan ta ce, "Na ga akwatin zoben, Dorin. Kar ka fito da shi. Litinin zan tafi Jamus, na samu aiki."

Ya yi ƙoƙarin kiran sunanta, sai yawu ya gangaro masa haɓa. Ta goge masa a hankali, yadda aka koya mata.

"Ba laifinka ba ne," in ji ta, idonta a cikin bakinsa. "Duk sanda ka yi dariya, kurakuraina nake gani. Buɗe sosai."

Ya buɗe.