Kunnen Daudu Mai Faci

Tun ranar da iyayensa suka kai gaisuwa gidan su Saude a Gwiwa, Daudu mai faci ya koma wani mutum daban. Sahun farko a masallaci. Riga wankakkiya, ko da ƙarƙashin mota zai shiga. Ya san kafin a ba mutum 'ya sai an turo mai binciken halinsa, kuma ba a sanarwa. Don haka duk dattijon da ya tsaya da babur a rumfarsa ta bakin titin Roni, sai Daudu ya zube har ƙasa, "Barka da hanya, Baba," ya ba shi iska kyauta.

Abin da yake tsoron a gano a bakinsa yake. In baƙo ya tsaya, Daudu yakan yayyafa wa taya ruwan omo, ya kara kunne, ya matse haƙora ya saki wata siririyar "tsssss" wadda ko shi kansa yakan so ya rantse daga tayar take fita. Daga nan sai faci a tayar da lafiyarta ƙalau. Bayan motar ta tafi, sai ya wuni bai kalli kowa a ido ba. Saboda Saude ya yi wa kansa alkawarin dainawa, kuma sati uku cif ya riƙe.

Ranar Asabar da safe Sama'ilu ɗan acaba ya cusa masa waya a fuska. "Angon Saude, fara neman wata sana'a. Ga taya marar iska an ƙera. Ba faci, ba famfo, ƙusa ta shiga ta gaji ta fito."

Daudu ya kalla, ya gyara murya irin ta masu sharhi a rediyo. "Ga nauyi, ga tauri, ga tsada. Ka faɗa ramin hanyar Gwiwa da ita, ƙugunka ne zai biya. Dubi gefenta ma, duk huji kamar saƙar zuma. Daga nesa zan gane ta. Kafin ta iso Roni jikokina sun yi furfura."

Aka yi dariya. Amma har azahar ko keke bai tsaya ba, maganar kuwa tana ta cin sa a ciki.

Sai ga wata farar mota mai lambar Kaduna. Wata Hajiya ce ke tuƙi da kanta, da tabarau a kan hanci. Ba ta fito ba, gilashi kawai ta sauke.

"Ɗan nan, duba min ƙafafun nan. In lafiya suke ka ce lafiya."

Mace, baƙuwa, mai wucewa. Ba dattijo ba, ba babur ba. Daudu ya waiga hagu, ya waiga dama.

Ya zagaya ta baya, ya harbi tayar da ƙafa har babban yatsansa ya yi zugi. Baƙa ce sumul, sabuwa dal. Bai ga bakin iskar ba, ya ce a ransa murfin ƙafar ne ya rufe shi. Dama ba nemansa yake ba. Ya yayyafa ruwan omo, ya juya mata ƙeya, ya kara kunne.

"Tsssss."

"Kin ji ko, Hajiya? Tana sacewa a hankali. Da ba ki kai Kazaure ba."

"Ikon Allah," in ji ta. "Kunnenka da kyau."

Ya tayar da injin iska ya cika titi da ƙara, ya ɗan bubbuga ƙarfe, ya goge hannu. Ta miƙa masa abin da ya ce, ba ciniki. Ta daɗe tana dubansa ta saman tabarau kafin ta ja motar. Takardar kuɗin ta yi masa nauyi a aljihu har ya kasa cin abincin rana.

Bayan la'asar mahaifin Saude ya aiko yana son ganinsa. Daudu ya sa farar shadda, ya hau babur. Yana shan kwanar gidan ya ga farar motar a ƙarƙashin darbejiya.

Ya yi ta lallashin kansa har cikin zaure. Bayansa ta gani. Ƙarar inji ta rufe komai. Ina mace za ta san cikin taya?

Ya durƙusa, idonsa a kan tabarma. Baffannin Saude uku suna jere a jikin bango.

"Ga gwaggon yarinyar, Hajiya Dela, yayata ce," in ji uban. "Ita muka wakilta ta dubo mana kai. Yaya, me kika gani?"

Hajiya Dela ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, a natse.

"Ladabi kam yana da shi, ga iya aiki. Ban taɓa ganin mai faci irinsa ba. Ƙafafun nan huɗu ɗana ne ya kawo min daga waje don in huta da faci, roba ce zalla har ciki, ko ɗigon iska babu a cikinsu, amma yaron nan da kunnensa ya ji tana fita."