Turaren Hansai Mai Wari

"Wannan warin zan kai ɗakin 'yata?" Uwar amarya ta dire wa Hansai kwalbar. Kafin la'asar duk unguwar Ridina ta ji cewa gwanar turaren wuta ta zuba man darbejiya maimakon na sandal.

Hansai ta ce, "Ni na haɗa abina, ni zan turara. Mai hanci ya toshe!" Ta banka shi, hayaƙi ya cika layi.

Da safe sai ga maƙwabta, uwar amarya a gaba. Hansai ta sha ɗamara, ta fito faɗa.

Matar ta miƙo kasko. "Yaya Hansai, a sam mana. Tun farkon damina sai jiya muka kwana babu sauro."

"To, ki bi layi."