Faifan Da Ya Ƙi Goguwa

Kwamfutar ta ƙi tashi, faifan ajiyarta kuma ya kafe, ba ya karɓar rubutu, ba ya goguwa. Mai gyara ya yi gumi, ya yi tsaki, ya rantse sai ya ga bayansa. Da ƙyar ya ci ƙarfin faifan, ya share shi tas.

Da tsohuwa mai kwamfutar ta dawo, ya kunna mata yana washe baki. "Ga ta, Mama, kamar sabuwa!"

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Sa mini muryar autana, marigayi. A nan kaɗai ta rage."

Ya dubi faifan da ya share tas. Ita kuwa ta gyara zama, ta kasa kunne.