Tsagar Kakar Hajjo

Tun da aka kafa dokar Fuska Ɗaya, duk mai tsagar gado a kumatu sai an kai shi gidan shafewa. Waɗanda suka dawo daga can ko sunan garinsu ba sa tunawa.

Ranar Talata Malama Yalwa, mai koyar da zane, ta ce kowane ɗalibi ya zana wanda ya rene shi. Da ta iso kan Hajjo, sai ta tsaya cak. Yarinyar ta zana tsohuwa da tsagar Gobirawa, daga gefen baki har kunne.

"Kakata ce," in ji Hajjo. "Ko ƙofar gida ba ta leƙawa."

Malama ta saci kallon idon na'urar da ke manne a silin, ta duƙa ta kare takardar da mayafinta.

"Goge, 'yar nan. Maza."

"In na goge ai ba ita ba ce."

Idon ya juyo a hankali. Zufa ta karyo wa Malama, tana wanke hodar da ta lafta a kumatunta.

Hajjo ta ɗago kai, ta washe baki.

"Laa, Malama! Ashe ke ma irin ta Kaka gare ki!"