Hannun Mai Gurasa

Ana tsakiyar huɗubar Juma'a suka shigo gidan gurasar, su uku, fuskokinsu a rufe. Gufran tana ɗakin baya, ta kawo wa mijinta abincin rana, ta gefen labule ta ga komai. Ɗaya ya shaƙe mijin nata, Baban Jud, ta baya, biyu suka kama hannuwansa suka danna a kan kaskon ƙarfen da ake gasa gurasa. Ƙarar irin ta ɗanyen nama ce idan ya faɗa cikin mai. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Suka ɗaga hannuwan, suka duba, suka sake dannawa. Ƙauri ya cika shagon.

Ba su buɗe aljihun tebur ba, ba su taɓa wayarsa ba. Sai da sawunsu ya yi nisa Gufran ta fito da bokitin ruwan sanyi, ta tsoma hannuwan a ciki. Fata ta riƙa saɓulewa kamar ɓawon tumatir. Yayanta Bassam ne ya fara isowa da motarsa, ya ɗauke su zuwa asibiti, yana tuƙi yana rantsuwa sai ya ga bayan waɗanda suka yi wannan aiki.

Unguwar 'yan Siriya ta Gaziantep, a ƙasar Turkiyya, ta ɗauka. Wasu suka ce samarin gari ne, irin waɗanda suka farfasa shagunan baƙi bara. Wasu suka ce mai gurasar layin baya ne, don ciniki ya bar shi. Maƙwabciyarsu, Maman Fadi, ta zo dubiya da tukunyar miyar waken adas, ta dubi Gufran sama da ƙasa.

"Ke kuma 'yar nan, kina tsaye kamar kazar da ta ga wuƙa? Da ni ce, wallahi sai na rotse kan ɗaya da muciya."

Gufran ta sunkuyar da kai. Dama ita ba mai magana ba ce.

Abin da ke cin ran gidan bai tsaya ga ƙunar ba. Takardar izinin aikin Baban Jud za ta ƙare ƙarshen wata. In ba a sabunta ba, mai shago ba zai riƙe shi ba, kuma duk ranar da 'yan sanda suka tare shi a hanya, motar kan iyaka ce, zuwa Halab ta Siriya inda gidansu ya zama tulin ƙasa. Ga shi bana an ce ba aike, kowa ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsu a na'ura. Tun ranar da labarin ya zo mijinta ya daina cin abincin kirki, ya koma sigari da shiru.

Yanzu ita ce hannunsa. Ta ba shi abinci a baki, ta yi masa alwala, ta ɓalla masa maɓalli. Kullum da hantsi takan warware bandejin, ta shafa maganin ƙuna, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a gaban taga. Ya taɓa tsokanarta cewa ko likitan bai kai ta ƙwaƙwa ba. Ta yi murmushi, ta ci gaba da naɗi.

Ranar zuwa ofis Bassam ya kai su. Layi ya kai bakin titi, ana ture-ture, wani mai gadi ya make wani tsoho da kulki a kafaɗa don ya tsallake igiya. Da suka samu shiga, aka kira Mu'ayyad Darwish. Baban Jud yana zaune yana kallon ƙasa. Aka sake kira, sai da Gufran ta zungure shi ya miƙe.

Ma'aikaciyar ta dubi hoton da ke jikin kati, ta dubi fuskarsa, ta ce a kwance bandejin. Da ta ga abin da ke ciki sai ta kau da kai. Duk da haka ta sa ya ɗora hannu a gilashin. Na'ura ta kawo ja, ta bar jini da ruwan ƙuna a kai. Matar ta karanta shaidar asibiti, ta buga hatimi, ta ce an ƙara masa wa'adi, ya dawo a ɗauki yatsun idan ya warke.

A waje Baban Jud ya jingina da bango yana kuka, yana cewa Allah ya jiƙanka Mu'ayyad. Mu'ayyad wansa ne, girgizar ƙasa ta binne shi a wani gini da ba a tono kowa da suna ba. Shi Baban Jud Nidal sunansa, ya tsallako iyaka bayan an rufe rajistar 'yan gudun hijira, kamanninsu ɗaya, uwarsu ce ta damƙa masa katin. Yatsun mamacin ne a cikin na'urar. Gufran ta san yadda mijinta ya sha kunna ashana ya kawo kusa da yatsa don ya ƙone zanen, ya kasa.

Ta sa shi a mota, ta rufe ƙofa, ta zagayo inda Bassam yake tsaye ya kasa haɗa ido da surukinsa. Ya tambaye ta ko an dace. Ta gyara mayafi, ta yi ƙasa da murya.

"An dace, Yaya. Amma ƙaramin yatsan hagu ya fara warkewa da zanensa. Ka gaya wa mutanen nan uku su dawo."