Ƙafar da Ta Taka Sheikh Tufail

Garmahon bai ko ɗaga daga ƙasa ba, gadon bayan Sheikh Tufail ya ce ƙas.

Dole ce ta sa ya taɓa shi da kansa. Duk 'yan dakon kasuwar tsoffin kaya ta Lahore sun daina zuwa shagonsa. Rediyo mai girman akwatin amarya, wanda sai mutum uku, shi mutum ɗaya yake ɗora wa. In bayan ɗan dakon ya lalace, ya nemi wani. Bai taɓa kallon fuskarsu ba, kofin shayinsu ma daban yake.

Ga bikin 'yarsa ranar Juma'a, shi zai raka ta har mota. Allura ta ƙi, man zafi ya ƙi. Yana kwance yana "wayyo Shagufta, na mutu," kamar akuyar da ƙofa ta datse.

Shagufta, matarsa, ta kira Masi Barkate, tsohuwar ungozomar unguwa. Tsohuwa ta ce magani ɗaya ne, kowa ya sani: wanda ya zo duniya ta ƙafa ya shuri bayan a bakin ƙofa. Ta ce tana da mutum ɗaya, ita ce shaidar haihuwarsa.

Aka kifa Tufail a dokin ƙofa. Mutumin ya iso a duƙe yana dogara sanda, ba takalmi, ya ratso kwatar mahauta. Dugadugansa sun tsage, ƙudaje na bi. Tufail ya hango ƙafar kawai, ya toshe hanci.

"Inna, a ce ya wanke mana."

"In ya wanke, albarkar ta tafi, ɗan nan."

Sau ɗaya aka saba yi. Wannan ya yi bakwai, a nutse, yana gyara tsayuwa, har da murza dunduniya a farar rigar. Tufail ya yi amai, ya yi godiya.

Shagufta ta raka su da kwanon kayan zaƙi, ta ce Allah ya yi wa wanda aka haifa ta ƙafa albarka.

Barkate ta karɓi kwanon. "Ɗana ne, sunansa Rafakat. Shekara shida yana ɗaukar rediyon mijinki kafin ya koma haka." Ta gyara mayafi. "Kuma da kai ya fito, ba da ƙafa ba, 'yar nan, kamar kowa."